Abin da ke faruwa idan aka gauraya man shanu da daskararren man tsirrai

A kantunan manyan biranen duniya, kama daga Landan zuwa Delhi da Legas, akwai wani nau'in mai da ake sayarwa cikin robobi da gwangwanaye, wanda wani ɓangarensa kitsen nonon saniya ne, sauran kuma man tsirrai ne, kamar na waken soya ko na angurya ko manja. Shekaru da dama man tsirran da ake sakawa a ciki shi ne wanda aka daskarar ta hanyar cusa masa iskar haidirojin. Neman araha na daga cikin dalilan yin wannan haɗi, to amma abin da masana kimiyyar abinci suka fi mayar da hankali a kansa shi ne yadda man ke narkewa: a wane zafi yake tsayawa da ƙarfinsa, a wane zafi yake laushi, kuma a wane zafi yake zama ruwa. A kan wannan batu ne aka gina wata babbar masana'anta, kuma daga nan ne aka samo wata matsalar lafiya da ta ɗauki duniya kusan shekaru 80 kafin ta gano ta.

Yadda man shanu ke narkewa

Ƙanƙara tana narkewa ne a wuri guda, wato a kan sifiri a ma'aunin zafi na Selsiyos. Man shanu ba haka yake ba. Masana sun gano nau'o'in sinadaran asid na mai fiye da 400 a cikin kitsen nono, kuma kowanne da irin zafin da yake narkewa. Wasu na nan a ruwa ko da sanyi ya kai kusan digiri 40 ƙasa da sifiri, wasu kuma ba sa sakin jiki sai zafi ya doshi digiri 40. A sakamakon haka, curin man shanun da ake gani kamar abu guda, a haƙiƙa wata raga ce ta ƙananan ƙwayoyi daskararru da ke riƙe da mai na ruwa a tsakaninsu, kamar yadda soso ke riƙe ruwa.

A cikin firij kusan rabin man ne ke daskare, shi ya sa yake yin tauri har ya yaga burodi idan aka yi ƙoƙarin shafa shi. Da zarar zafi ya kai digiri 20, abin da ya rage a daskare bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma a nan ne man ya fi daɗin shafawa. Kafin a kai digiri 35 kusan duka ya narke. Abin lura a nan shi ne zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, saboda haka man shanu na narkewa sarai a kan harshe, ya saki ƙamshinsa, ba tare da ya bar komai a ganɗa ba. Wannan shi ne sirrin daɗinsa, kuma shi ne abin da duk masu kwaikwayonsa ke fafutukar cim ma.

Amma wannan siffa tana da nata cikas. Tsakanin taurin firij da narkewar rana, tazarar da man shanu ke da amfani ga mai shafawa ko mai gasa burodi ƙanƙanuwa ce. Duk wanda ya san yadda man shanu ke sandarewa a kasuwannin ƙasar Hausa da hunturu, sa'annan ya koma ruwa-ruwa da bazara, ya ga wannan matsala da idonsa. Kazalika abincin saniya na da tasiri: wadda ke kiwo a ɗanyar ciyawa takan ba da mai mai laushi da launin rawaya, wadda ke cin busasshen abinci kuma manta ya fi tauri da fari.

Daga Faransa zuwa Jamus

Tun a ƙarni na 19 ƙasashen Turai suka fara neman madadin man shanu mai sauƙin kuɗi da jure ajiya. A shekara ta 1869 wani masani Bafaranshe mai suna Hippolyte Mège-Mouriès ya yi rajistar wani mai da ya haɗa daga kitsen sa da madara, a zamanin sarki Napoleon na Uku wanda ke neman abin da za a ciyar da sojoji da talakawa. Wannan shi ne asalin majarin, wanda a Najeriya ake haɗa shi da man shanun Turawa a kira su duka da sunan bota. Dabarar da ya yi tun farko ta narkewa ce: ya narkar da kitsen, ya bar shi ya huce sannu a hankali, sa'annan ya matse ɓangaren da ke narkewa da wuri ya yi amfani da shi, ya ware mai taurin.

Man tsirrai ya fi kitsen dabba yawa da araha, sai dai galibinsa ruwa ne. Dalili kuwa yana cikin ƙirar sinadaransa. Kowane asid na mai wata doguwar sarƙa ce ta kabon da haidirojin ke manne da ita. Idan sarƙar ta cika da haidirojin takan miƙe sak, irin waɗannan sarƙoƙi kuma sukan jeru su matsu da juna kamar karan da aka ɗaure dami, sai man ya daskare. Idan kuwa akwai gurbin da babu haidirojin, sarƙar kan lanƙwashe a wurin, lanƙwasassun sarƙoƙi ba sa jeruwa, sai man ya zauna a ruwa.

Masanin nan na Faransa Paul Sabatier, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1912, shi ne ya nuna a 1897 cewar garin ƙarfen nikel na taimaka wa haidirojin ya shiga cikin wasu sinadarai. Bajamushe Wilhelm Normann ya gwada wannan a kan mai na ruwa a 1901, ya kuma yi rajistar dabarar a 1902. Ana zafafa man ne zuwa digiri 150 ko 200, a zuba masa nikel kaɗan, a tura iskar haidirojin a ciki, daga baya a tace ƙarfen. A 1911 kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya fito da Crisco, wani farin mai daskararre da aka yi daga man angurya.

Wannan ƙirƙira ta taɓa arewacin Najeriya kai tsaye. Da yake yanzu ana iya mayar da mai na ruwa ya zama majarin, sai masana'antun Turai suka shiga neman gyaɗa ruwa a jallo. Layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma Turawan mulkin mallaka sun sa ran auduga za a riƙa lodawa. Manoma da fatake suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, daga kakar 1912 kuma aka fara cinikin da daga bisani ya haifar da dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

Sarƙar da ta miƙe ba ta cika ba

Idan aka bar haidirojin ya cike kowane gurbi, man waken soya kan zama wani abu mai tauri kamar kyandir, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kusa digiri 70. Babu mai iya cin wannan shi kaɗai. Saboda haka masana'antu suka riƙa tsayar da aikin a tsakiya, su bar wasu guraben a buɗe. A nan ne wani abu ke faruwa wanda ba a ba shi muhimmanci ba da farko: zafi da nikel kan juya wasu daga cikin lanƙwasassun sarƙoƙin, su miƙe alhali ba su cika da haidirojin ba. Waɗannan su ake kira man tirans.

Alƙaluma guda uku sun isa su bayyana dalilin da ya sa masana'antu suka rungumi wannan mai. Asid ɗin oleyik, wanda ya fi yawa a man zaitun da man gyaɗa, yana narkewa ne a wajen digiri 13 zuwa 16. Idan aka cike shi da haidirojin ya zama asid ɗin sitiyarik, sai ya kai digiri 69. Amma idan aka juya shi ya zama na tirans, wato asid ɗin elaidik, yana narkewa a wajen digiri 45. Da aka cuɗa shi da sauran man da ke ruwa, sai a samu abin da ke tsayawa da ƙarfinsa a kan tebur, ya kuma narke kusa da zafin baki. Ga shi ba ya saurin yin gafi, ana iya soya abu da shi sau da dama, kuma ta hanyar sauya zafi da yawan iskar da ake turawa injiniya na iya tsara man da zai narke a duk inda ake so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan mai da aka daskarar rabi da rabi kan ƙunshi man tirans kashi 25 zuwa 45 cikin ɗari.

Idan aka haɗa su wuri guda

Mai karatu zai iya zaton cewar idan aka gauraya man da ke narkewa a digiri 34 da wanda ke narkewa a digiri 44, za a samu mai narkewa a digiri 39. Lamarin ba ya bin wannan lissafi. Ɓangaren da ya fi tauri shi ne ke fara daskarewa idan ana sanyaya haɗin, kuma ƙwayoyinsa ne ke zama tubalin da sauran ke taruwa a kai. Hakan ya sa ɗan kaɗan na man da aka cike da haidirojin, ko da kashi 5 ne zuwa 10 cikin ɗari, na iya ɗaga zafin narkewar man shanu da digiri masu yawa, har ya iya jure zafin shago a ƙasar da babu tabbacin wutar lantarki. Farashin da ake biya shi ne wannan ɓangare ba ya narkewa a baki. Shi ne maiƙon nan mai kama da kakin zuma da ke liƙe wa mutum a ganɗa bayan ya ci wani biskit ko kek mai araha, wanda sai an kora da shayi mai zafi yake sauka.

A ɗaya hannun kuma, akwai mayukan da idan aka haɗa su sai haɗin ya fi kowannensu laushi, domin sarƙoƙinsu sun bambanta a tsawo, kowanne yana hana ɗan'uwansa jeruwa. Masu yin cakulan sun san wannan sarai. Man koko na narkewa a wajen digiri 34, amma da an sa masa kitsen nono sai ya sassauta, shi ya sa cakulan mai madara ya fi baƙin cakulan laushi da saurin narkewa a hannu.

Sai kuma batun siffar ƙwayoyin su kansu. Mai guda na iya daskarewa ta hanyoyi daban-daban. Akwai ƙananan ƙwayoyi masu kama da allura da ke ba da sulɓi, akwai kuma manya da ke sa mai ya yi tsaba-tsaba kamar an zuba masa yashi. Kitsen nono da manja da man angurya sun fi karkata ga ƙananan, daskararren man waken soya kuwa ya fi karkata ga manyan. Idan aka yi kuskure a haɗin, ko kuma kayan suka narke a hanya suka sake daskarewa, robar da ta fito daga masana'anta sumul za ta isa hannun mai saye da gudaji ko kuma mai na tsatsafowa a samanta.

Masana'antu na auna duk wannan da na'urorin da ke nuna yawan ɓangaren da ke daskare a kowane mataki na zafi. Ƙa'idar da aka saba bi ga man shafawa ita ce kada daskararren ɓangare ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku a digiri 10, don ya shafu daga firij. Kada ya gaza kashi 10 cikin ɗari a digiri 20, don kada ya zube. Sa'annan ya kusa ƙarewa a digiri 35. Man shanu tsantsa ya cika sharuɗɗa biyu na ƙarshe amma ya faɗi na farko. A ƙasashe masu sanyi maganin shi ne a sassauta shi da mai na ruwa, kamar yadda aka yi a ƙasar Suwidin da Bregott wanda ya shiga kasuwa a 1969. A ƙasashe masu zafi kuwa, da wuraren gasa burodi mai ɓawo-ɓawo inda ake so mai ya zauna tsakanin falle-fallen ƙullu ba tare da ya narke a hannun ma'aikaci ba, akasin haka ake nema, kuma a nan ne daskararren man tsirrai ya samu gindin zama.

Darasin Indiya

Babu ƙasar da wannan batu ya fi tayar da ƙura kamar Indiya, inda soyayyen man shanu, wanda suke kira gi, ke da matsayi a girki da kuma ibadar mabiya addinin Hindu. A 1937 wani reshe na kamfanin Lever ya fara sayar da Dalda, daskararren man tsirrai da aka tsara shi ya yi kama da gi, har da tsaba-tsabar da Indiyawa ke ɗauka alamar mai kyau ce. Ana kiran wannan nau'i banasfati, kuma a da dokar ƙasar ta ƙayyade cewar ya narke tsakanin digiri 31 da 41, wato kusan inda gi ke narkewa.

Kamannin sun yi yawa har suka zama matsala, domin 'yan kasuwa marasa gaskiya sun riƙa zuba banasfati cikin gi suna sayarwa da farashin na asali, ido da hannu kuma ba sa iya bambancewa. An shafe shekaru ana muhawara a kan a riƙa rina banasfati da wani launi. Abin da hukumomi suka tsaya a kai ya fi wannan hikima: aka wajabta wa masana'antu su sa man riɗi a cikin kowane banasfati. Man riɗi na ɗauke da wani sinadari da ke juyawa ja idan aka haɗa shi da wani ruwan asid a gwajin da ake kira na Baudouin. Ke nan duk gi ɗin da ya yi ja a kwalbar gwaji ya tona asirin mai shi. Akwai kuma wata shaidar da ke cikin man shanun kansa, wato asid ɗin butirik, mai gajeriyar sarƙa, wanda ya kai kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na kitsen nono kuma babu shi a man tsirrai. Idan aka auna aka ga ya ragu, an san an yi algus.

A Tarayyar Turai an bi ta hanyar suna ne. Doka ta keɓe sunan man shanu ga wanda kitsensa na nono ne zalla kuma ya kai aƙalla kashi 80 cikin ɗari. Wanda kitsen nonon da ke cikinsa ya kama daga kashi 10 zuwa 80 cikin ɗari na dukkan man, tilas a rubuta cewar gauraye ne.

Abin da likitoci suka gano

An daɗe ana tallata majarin a matsayin abin da ya fi man shanu lafiya ga zuciya, tun da daga tsirrai ya fito. A 1990 wasu masu bincike biyu na ƙasar Holan, Ronald Mensink da Martijn Katan, suka wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewar man tirans na ƙara nau'in kolastarol mai toshe hanyoyin jini, yana kuma rage nau'in da ke taimakawa wajen share su. Cikakken kitse irin na man shanu na ƙara na farkon, amma ba ya rage na biyun. A 1993 wani bincike na jami'ar Harvard a kan dubban ma'aikatan jinya, ƙarƙashin Walter Willett, ya danganta cin man tirans da ciwon zuciya. Wato dai miƙaƙƙiyar sarƙar nan da ta ba da narkewar da ake so ita ce kuma ke yin ɓarnar.

Ƙasar Denmak ce ta fara ɗaukar mataki a 2003, inda ta ƙayyade cewar man tirans na masana'anta kada ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Afirka ta Kudu ta bi sahu a 2011. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke hukunci a 2015 cewar man da aka daskarar rabi da rabi ba ya cikin abubuwan da ake ɗauka marasa haɗari, haramcin kuma ya fara aiki a 2018. A wannan shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a kawar da shi daga abincin duniya baki ɗaya, tana mai ƙiyasin cewar yana da hannu a mutuwar mutane kusan rabin miliyan a kowace shekara. Tarayyar Turai ta fara aiki da iyakar kashi 2 cikin ɗari a 2021, Indiya a 2022, Najeriya kuma ta sanar da irin wannan ƙa'ida a 2023 ta hannun hukumar NAFDAC. A 2024 Saudiyya na cikin ƙasashe biyar na farko da hukumar ta duniya ta ba wa takardar shaida a kan wannan aiki.

Ya kamata a san cewar shi ma man shanu na ɗauke da ɗan man tirans na halitta, kashi ƙalilan cikin ɗari, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbin saniya na yi wa man ciyawa kusan irin aikin da nikel ke yi a masana'anta. Dokokin da aka ambata ba su shafi wannan ba.

Da aka rufe wannan ƙofa, sai injiniyoyi suka koma kan tambayar farko ta yadda za a samu mai mai tsayawa a zafi da narkewa a baki. Hanya ɗaya ita ce a cike man da haidirojin gaba ɗaya, wanda ba ya barin man tirans sai abin da ba a rasa ba, sa'annan a haɗa shi da mai na ruwa ko da kitsen nono a yi musanyar sarƙoƙi a tsakaninsu ta amfani da wasu sinadarai, har taurin ya bazu ko'ina maimakon ya taru a ɓangare guda da ba ya narkewa. Matsalar wannan ga man shanu ita ce musanyar kan rage masa ƙamshi. Hanya ta biyu, wadda ta fi yaɗuwa, ita ce amfani da tataccen manja, wanda a halittarsa kusan rabinsa cikakken kitse ne kuma yana narkewa a wajen digiri 35. Akan sanyaya shi a raba mai taurin da mai ruwan, irin dabarar da Mège-Mouriès ya yi da kitsen sa a 1869, a ɗebi gwargwadon abin da ake buƙata daga kowanne. Galibin wannan manja daga Indunusiya da Maleshiya yake fitowa, kuma shi ne ke cikin yawancin bota da biskit da kuma garin madarar da aka cire wa kitsenta aka maye gurbinsa da man tsirrai, wanda kamfanonin Turai ke sayarwa a Afirka ta Yamma.